Ƙofar ƙarfe irin ta Vigeland a Maraɗi: abin da wani shagon walda ya yi mini

Wata bakwai ke nan da aka kafa sabuwar ƙofar ƙarfe a bakin gidana da ke unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina a kan shagon da ya yi ta, domin ba a ranar da aka kafa aikin ƙarfe ake gane ingancinsa ba. Sai ƙurar hunturu ta shige shi, zafin bazara ya gasa shi, ruwan farkon damina ya doke shi, sannan fenti da walda suke faɗin gaskiyarsu. Yanzu ƙofar ta ga duka ukun. Shagon yana gefen hanyar da ta fita zuwa Ɗan Isa, rumfar kwano ce mai faɗi da ba ta da allon suna, kuma ba zan ambaci sunan mai shi ba tunda zan faɗi aibi tare da yabo. A wajen sarrafa ƙarfe ban ga shagon da ya kai shi ba a cikin waɗanda na zagaya, amma a wajen fenti da cika alkawarin lokaci ya ba ni wahalar da ba ta kamata ba.

Sai na fara bayyana abin da na je nema, domin ba ƙofar da aka saba gani ba ce. Shekarun baya aiki ya kai ni Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, wajen wani taro na mako guda a kan raya itatuwa a gonaki, abin da yankinmu na Maraɗi ya yi suna a kansa. Ranar da ba mu da zama, wani abokin aiki ya kai mu lambun Frogner, inda aka jera ayyukan mutum ɗaya tak, wato masassaƙi Gustav Vigeland, guda 212 na tagulla da na dutse. Kusan dukkansu siffofin mutane ne ba sutura, daga jariri har tsohon da ya ranƙwafa, kuma ba zan ɓoye ba, na sha sunkuyar da kai a wurin kamar yadda duk mutumin garinmu zai yi. Abin da ya tsayar da ni tun kafin mu shiga shi ne babbar mashigar lambun da ke kan titin Kirkeveien: manyan ƙofofi biyar da ƙanana biyu na masu tafiya a ƙasa, baƙin ƙarfe da dutse, da fitilu masu kusurwa a samansu. A 1942 aka kafa ta, shekara ɗaya kafin rasuwar Vigeland wanda ya zana ta. Abokan tafiyata suka wuce suna ɗaukar hoton yaron nan na tagulla mai buga ƙafa cikin fushi, wanda yake ɗaya daga cikin siffofi 58 da aka jera a kan gadar lambun, ni kuwa na dawo bakin ƙofa ina ɗaukar hoton ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar na ƙudura cewa idan Allah ya nufe ni da gina gida, zan nemi a yi mini wani abu mai kama da wannan.

Daga baya, da na karanta tarihin mutumin, na fahimci dalilin da ya sa ƙarfen nasa ya bambanta. An haifi Vigeland a 1869 a Mandal, wani ƙaramin gari a bakin teku a kudancin Norwe, kuma mahaifinsa kafinta ne mai yin kayan ɗaki. Tun yana matashi aka tura shi babban birni ya koyi sassaƙar itace, mutuwar mahaifinsa ta mayar da shi gida don ya tallafi iyali, sannan a 1888 ya koma birnin da niyyar zama masassaƙi, ya sha talauci har wani dattijon masassaƙi mai suna Brynjulf Bergslien ya ga zanensa ya ja shi a jiki. Tsakanin 1891 da 1896 ya yi tafiye-tafiyen neman ilimi zuwa Danmak da Faransa da Jamus da Italiya, ya riƙa zuwa ɗakin aikin masassaƙin Faransa Auguste Rodin a Paris, daga nan ya yi shekaru yana aikin gyaran babbar majami'ar Nidaros da ke Trondheim har 1902. Shi ne kuma ya zana lambar da ake bai wa waɗanda suka ci kyautar Nobel ta zaman lafiya. Wato ɗan gidan sana'a ne wanda ya fara da wuƙa da itace kafin ya taɓa yumɓu, kuma ana ganin haka a layukan ƙofarsa, domin kowane layi yana da kauri inda ya kamata, yana kuma sirancewa inda ya kamata, kamar wanda aka fere da hannu.

Shaguna uku na kai wa hotunan. Biyun farko ba su ɓata minti ɗaya a kan wayar ba suka ce, "Ba matsala, Alhaji, mako biyu ka zo ka ɗauka." Da na tambayi yadda za su yi, sai na gane bututun ƙarfe mai rami za su yanka, su sayo furannin ƙarfe na kanti da ake sayarwa a kasuwa su manna, su fesa fenti mai ruwan zinariya, kamar dai ƙofofin da suka cika sababbin gidajen unguwar Zariya. Ban raina wannan aiki ba, yana tsare gida kuma yana da sauƙin kuɗi, amma ba shi na zo nema ba. A shago na uku ne mai shagon ya karɓi wayar ya zauna a kan benci, ya yi ta faɗaɗa hoton da yatsa, ya kira babban yaronsa suka duba tare, sannan ya ce mini, "Malam, wannan ba aikin walda ba ne, aikin wuta da masaɓa ne. Firam ɗin zan iya, amma waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen sai maƙeri." Wannan maganar ce ta sa na ba shi aikin. Mutumin da ya faɗi iyakar iyawarsa tun kafin ya karɓi kuɗi ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce komai mai sauƙi ne. Ya ce ya san wani dattijo ɗan gidan maƙera wanda yanzu hauya da lauje da gatari ne abincinsa, kuma idan na yarda za su raba aikin.

Abu na biyu da ya fito fili tun ranar farko shi ne maganar siffa. A cikin hotunan akwai wasu ƙofofi takwas da ke can tsakiyar lambun, a bakin tudun da aka kafa dogon dutsen nan da ake kira Monolit, waɗanda aka kafa a 1952 bayan rasuwar Vigeland. A cikinsu an zana maza da mata da yara da layukan ƙarfe kawai, ana hango sama ta cikin jikinsu, kuma ta fuskar gwaninta sun fi babbar mashigar ban mamaki, domin zane ne da aka yi a kan iska. Mai shagon ya ce shi ba ya yin siffar abu mai rai, ni ma na ce ba zan sa ta a ƙofar gidana ba, maganar ta ƙare a nan ba tare da wa'azi ba. Muka ɗauki abubuwa uku daga babbar mashigar, wato tsayayyun sanduna da da'irori da fitila a sama, muka amince a sa dagi a cikin kowace da'ira, irin wanda ake gani a wuyan riga da bangon tsofaffin gidaje. Shawarar dagin tasa ce, kuma ita ce mafi kyawun shawarar da aka yanke a aikin gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ni ban hango ba. Lambun Frogner wurin jama'a ne, a buɗe yake dare da rana ba a biyan ko sisi, saboda haka ƙofarsa gayyata take yi, tana nuna wa mai wucewa abin da ke ciki. Ƙofar gida a Maraɗi kuwa aikinta sutura ne. Mai shagon ya tambaye ni ko uwargida ta ga hoton, na ce a'a, ya yi murmushi ya ce gara ta gani. Abin da ya ba da shawara, kuma muka yi, shi ne a sa falan kwano mai kauri a bayan sandunan daga ƙasa har ya wuce tsayin mutum, a shafa masa fenti mai ruwan ƙasa domin baƙin layukan su fito a kansa, a bar sama kawai a buɗe. An rasa wani abu na kyawun asalin, domin haske ba ya ratsa ƙofar daga sama har ƙasa, amma gidan ya samu sirrinsa, kuma da yamma idan rana ta karkata inuwar da'irorin sama tana faɗowa a tsakar gida.

Yadda suka yi zanen ya cancanci yabo na musamman. Ba a kan takarda aka yi shi ba. Sun share daɓen simintin shagon, suka zana ƙofar da alli daidai girmanta, faɗin mita uku da rabi, ƙyaure biyu da ƙaramar ƙofar shiga a gefe, suka kira ni in zo in tsaya a kai in gani. Sau uku ana gogewa. A karon farko da'irorin sun yi girma har sun danne sandunan, a karo na biyu dagin ya yi cunkoso yadda ƙarfe mai kaurin yatsa ba zai iya bin lanƙwasarsa ba, sai a na uku ido ya kwanta. Ban ji mai shagon ya yi ƙorafin ɓata lokaci ba ko sau ɗaya, kuma bai ƙara kuɗi a kan haka ba. Vigeland ya bar zane-zane kimanin 12,000 da hotunan da ya sassaƙa a allon itace don bugawa a takarda kimanin 420, ban da sassaƙe-sassaƙe kimanin 1,600 da ke gidan tarihinsa a Oslo, kuma a tsaye a kan wannan daɓen na gane amfanin yawan zanen, domin goge alli ya fi yanke ƙarfen da aka riga aka ƙona araha nesa ba kusa ba.

Maƙerar dattijon, wanda kowa ke kira Baba, tana cikin tsohuwar unguwa, rumfar zana ce da uwar maƙera a kafe a ƙasa. Zugazugin fatar akuya ya ba da wuri ga wata fanka da aka haɗa da wilin keke, jikansa ke juya ta, amma gawayin na ƙirya ne kamar yadda ya gada, domin ya ce shi ne ke riƙe wuta ba ya saurin zama toka. Na yi yammaci da dama a zaune a wurin. Yakan sa sandar ƙarfe a wuta har ta wuce ja ta koma ruwan ɗorawa, ya ciro ta da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, babban ɗansa yana dukanta da babbar masaɓa shi kuma yana nuna wurin bugu da ƙaramar guduma, ba mai yi wa wani magana. Da'ira guda takan koma wuta sau da yawa kafin bakinta biyu su haɗu, dagi kuwa ya fi wuya, domin dole kowane zare ya bi ta saman wani ya ratsa ta ƙarƙashin wani, kuma idan aka yi kuskure a mahaɗa ɗaya sai a warware duka. Guda shida ya yi, ya zubar da biyu da bai gamsu da su ba, ba tare da na ce masa komai ba.

Wata rana na nuna masa hotunan Oslo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya zana wannan ya san ƙarfe, amma ba hannunsa ne ya buge shi ba, hannuwa da yawa nake gani." Gaskiya ya faɗa. Vigeland yana da maƙera da ke aiki a maƙerar da aka yi kusa da ɗakin aikinsa, shi yana zanawa su suna bugawa, haka kuma yana da masu sassaƙar dutse. Monolit ɗin da na ambata, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 14 kuma yake ɗauke da siffofin mutane 121 suna hawa kan juna, shi ya ƙera samfurinsa da yumɓu, amma mutum uku ne suka sassaƙe shi daga dunƙulen dutse guda da aka haƙo a Iddefjord, kuma sun yi shekara 14 a kansa, daga 1929 zuwa 1943. Jama'a ba su gan shi ba sai a ƙarshen 1944, lokacin da mai zanen ya riga ya rasu. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne yarjejeniyar da ya ƙulla da hukumar birnin a 1921, inda birnin ya gina masa ɗakin aiki da wurin zama, shi kuma ya mallaka wa birnin duk abin da ya yi da duk abin da zai yi nan gaba. Ya tare a ginin a 1924, ya yi aiki a cikinsa har rasuwarsa a watan Maris na 1943, a 1947 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, kuma tokar gawarsa tana ajiye a hasumiyar ginin. Na ba Baba wannan labarin, ya saurara har ƙarshe, abin da kawai ya tambaya shi ne ko an rubuta sunayen mutum ukun a wani wuri. Na ce an rubuta a littattafai, amma sunan mutum ɗaya lambun yake amsawa.

A nan ne muka samu saɓani na farko da mai shagon. Da da'irorin suka iso shago, ya ga sawun masaɓa a jikinsu, ya kuma ga ba biyu da suka yi daidai da juna ƙwarai, sai ya ɗauko injin gurza zai goge su su yi sumul kamar na kanti, wai kada mutane su ce aikin shagonsa ba shi da tsabta. Allah ya sa na zo a kan lokaci. Na ce masa wannan sawun shi na biya kuɗi a kansa, ya yi shiru, ya ajiye injin, amma na ga bai gamsu ba. Duk wanda zai kai irin wannan aiki shagon ya faɗi wannan tun farko kuma ya maimaita, domin hannun masu walda ya saba da gogewa. A wajen haɗawa kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Da'irorin an kama su da ƙusoshin ƙarfe da aka buga wa kai da zafi, waldar kuma an yi ta ta baya inda ido ba ya kaiwa, kuma layinta a miƙe yake ba ƙuraje ba ramuka. Na bi kowace mahaɗa da yatsa bayan wata bakwai, ban samu tsaga ko ɗaya ba.

Yanzu sai aibobin. An yi mini alkawarin mako shida, aikin ya ci kusan wata huɗu. Wasu dalilan na gane su: ɗaukewar wutar lantarki, wutar da a nan muke ce wa kuran, takan tsayar da injin walda rabin yini, man janareta yana da tsada, Baba kuma ya tafi gonarsa girbin gero ya yi mako uku, abin da ba wanda zai hana shi. Abin da ban yafe ba shi ne rashin kira. Na biya rabin kuɗin tun farko, amma ko sau ɗaya mai shagon bai ɗaga waya ya ce mini an samu jinkiri ba, sai dai in tako da ƙafata in tarar ana aikin tagogin wani. Gidana ya yi makonni da zana a bakin ƙofa, iyali na ciki.

Na biyu shi ne nauyi. Ƙarfe cikakke ya ninka bututu mai rami nauyi nesa, kuma mai shagon ya san haka, amma bai gaya wa magini ba, ni kuma ban san in tambaya ba. Ginshiƙan da aka gina na ƙofa mara nauyi ne. Mako uku da kafawa ƙyauren hagu ya fara sunkuyawa yana jan ƙasa, sakata ta daina shiga raminta. A nan dole in yi masa adalci: da na kira shi ya zo da kansa washegari, ya amsa cewa laifinsa ne, aka fasa ginshiƙin aka dasa ƙarfe mai kauri a cikin kankare, aka ƙara ƙarfen juyawa na uku a kowane ƙyaure, bai karɓi kuɗin aiki ba, ni na sayi siminti da tsakuwa. Tun daga ranar ƙofar ba ta sake motsi ba, kuma yaro ɗan shekara takwas yana buɗe ta da hannu ɗaya. Amma tambaya guda a ranar awo da ta hana wannan duka.

Fenti ne ya fi komai ɓata mini rai. An shafa maganin tsatsa shafi ɗaya siriri, an kuma fesa baƙin fentin a fili cikin iskar hunturu, ƙura ta manne a jikinsa yana ɗanye, ta yadda idan ka shafa da hannu sai ka ji kamar yashi. Mafi muni, ba a kai buroshi cikin mahaɗun dagin ba, inda zare ya hau kan zare, kuma nan ne ruwa ke kwanciya. Ruwan sama uku aka yi na ga jan tsatsa yana gangarowa a kan falan kwanon mai ruwan ƙasa. Ƙofar Oslo ta haura shekara 80 a tsaye cikin ruwa da ƙanƙara, tawa kuwa ta fara tsatsa a damina ɗaya a garin da ruwansa bai wuce wata huɗu ba. Aikin da dattijo ya zubar da guda biyu don ya inganta shi bai cancanci a miƙa shi ga ƙaramin yaron shago ya fesa cikin gaggawa ba. Shawarata ga wanda zai je ita ce ya cire fenti daga cinikin gaba ɗaya, ya karɓi ƙofar da maganin tsatsa kawai, ya nemi mai fentin mota ya yi masa a rufaffen wuri.

Fitilar saman kuma kuskure ne da muka yi tarayya a cikinsa. Gustav yana da ƙane mai suna Emanuel Vigeland, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1948, shi mai zane ne da fenti, ya yi suna wajen zanen bango da gilashi mai launi, har akwai tagogin da ya yi a babbar majami'ar Oslo, kuma ya gina wa kansa makwanci a unguwar Slemdal ya cika bangonsa da rufinsa da zane. Kwaɗayi ya sa na ce a sa wa fitilar gilashi mai launi domin in haɗa aikin wa da ƙane a ƙofa ɗaya. Mai shagon, wanda a farko ya faɗi iyakarsa, a nan bai faɗa ba, ya je ya yanko roba mai launi ya saka. Zafin watan Afrilu ya lanƙwasa ta, shuɗin ya koɗe ya koma fari-fari. Na cire na sa farin gilashi daga wajen masu yankan gilashi, da ƙwan fitila mai aiki da hasken rana, kuma yanzu ta fi kyau, domin firam ɗin ƙarfen da suka yi mata daidai yake.

Maganar kuɗi: shagunan farko sun nemi jikka 220 a kan ƙofar bututu, wannan kuwa ta tsaya mini a jikka 410, a ciki jikka 90 ne rabon Baba, wanda na roƙa a bar ni in miƙa masa da hannuna. Ban da wannan akwai kuɗin siminti da gilashi da na ambata. Ba a ba ni takardar lissafi ba, a wani littafin ƴan makaranta aka rubuta komai, kuma sai da na nace aka bar ni na ɗauki hoton shafin. A ganina ƙarfen da ƙirar sun ci kuɗinsu har da ƙari, domin yawancin kuɗin nauyin ƙarfe ne da kwanakin mutum a bakin wuta. Wanda yake gaggawar tarewa, ko wanda yake son ƙofa mai sheƙi wadda kowane ɓangarenta ya yi daidai da ɗan'uwansa, kada ya je can, zai sha ɓacin rai kuma zai biya ninki. Wanda yake da zane a ransa da haƙurin zuwa shago sau biyu a mako, zai samu mutumin da ke kallon hoto da idon basira kuma yake da maƙerin da zai kira.

Kafin a ɗauko ƙofar na roƙi Baba ya buga alamarsa a jikinta. Ya ce shi ba shi da wata alama sai ɗigo uku da yake bugawa a wuyan hauya domin manoma su gane tasa a kasuwa. Na ce ita nake so, ya buga ta a ƙasan da'irar farko ta ƙyauren dama, inda sai an durƙusa ake ganinta. Maƙwabta biyu sun riga sun tambaye ni hanyar shagon, na kwatanta musu, na kuma gaya musu maganar ginshiƙi da ta fenti. Mai shagon ya zo ya ga tsatsar da idonsa makon jiya, ya yi alkawarin idan damina ta ɗauke zai kankare mahaɗun dagin ya sake shafa maganin tsatsa shafi biyu da buroshi, a kan kuɗinsa. Na rubuta ranar a bayan kalanda, na kuma sa shi ya sa hannu a ƙarƙashinta.